Malamin da Ba Ya Juya wa Aji Baya

Duk shekara kwalejin horon malamai takan turo mana ɗalibanta su yi koyarwar gwaji ta zango ɗaya, kuma duk shekara nakan roƙi hedimasta ya raba ni da su. Ba ƙiyayya ba ce. Na gaji ne da samari masu ƙamshin turare da 'yan mata masu takalmi ƙwas-ƙwas, waɗanda za su shigo mini aji uku da waya a hannu, su kwafe tsarin darasin abokinsu har da kuskuren rubutunsa, su miƙo mini in sa hannu. A ƙasan kowane tsarin darasi akwai fili da kwaleji ta ware, inda ɗalibi zai waiwayi darasin bayan ya gama, ya rubuta abin da ya yi kyau, da abin da ya ɓaci, da abin da zai gyara gobe. Su dai kullum maganarsu ɗaya ce, wai darasi ya tafi daidai. Ko aji ya kama da wuta, darasi ya tafi daidai.

A waccan shekarar hedimasta ya leƙo ajina yana wani murmushi da na san na tsokana ne, ya ce, "Malama, na kawo miki ɗa." Sai ga wani mutum ya biyo bayansa, furfura ta fara tsiro masa a gemu, kafaɗunsa kamar na ɗan dako, yana rungume da jaka a ƙirji. Na ɗauka uban wani yaro ne ya zo ƙorafi.

Na ce, "Wannan ne ɗan? Ai wannan ya isa ya aurar da 'yan gwajinmu na bara."

Mutumin bai yi dariya nan take ba. Sai da ya kalli bakina sosai, sannan ya saki fuska ya ce, "Yaya, gemu ba ya hana ilimi." Tun daga ranar Yaya yake ce mini, ni kuma, kamar sauran malamai, ina ce masa Mai Inji, don mun ji cewa injin niƙa ne sana'arsa.

Labarinsa a gutsure na same shi, lokacin hutun tara, muna zaune a bencin baranda. Babansa ne mai injin. Yana tsakiyar sakandare baban ya faɗi ya mutu, ya bar uwa da ƙanne rututu, shi ne babba. Ya ajiye littafi ya shiga shagon inji, wani ɗan ɗaki mai rufin kwano da taga ɗaya, inda in aka tayar da inji ba ka jin muryar wanda ke gefenka sai ya haɗa da hannu. A nan ya yi ƙuruciyarsa, a nan ya yi aure, a nan ya fara furfura. Ƙannensa duka sun yi karatu a kan ƙarar injin nan. Autarsu da ta zama ma'aikaciyar jinya ita ce ta je ta ɗauko masa takardar shiga kwaleji ba da saninsa ba, ta ce yanzu kuma layinsa ne. Ya ce mini tun yana ɗan firamare ba abin da yake so irin ya tsaya gaban allo. Ko a shagon inji, in yaran da aka aiko niƙa suna jiran layi, da yatsa yake rubuta musu lissafi a kan garin da ya lulluɓe benci.

Tsarin darasinsa na farko da ya kawo mini sai da na gyara zaman tabarau. Na saba ganin shafi ɗaya da rabi, shi ya cika shafuka. Bayan manufar darasi da kayan koyarwa da matakai, ƙarƙashin kowace tambaya da zai yi wa yara ya jera amsoshin da yake zaton za su bayar, na daidai da na kuskure, da abin da zai ce wa kowanne. Na ce, "Kai kuwa darasi za ka koyar ko duba za ka yi wa yaran?" Ya ce ai ba a fafe gora ranar tafiya. Na sa hannu, amma na ce a raina ruwa ba ya tsami banza.

Akwai kuma wata ɗabi'a tasa da ta fara ba ni mamaki. Yakan riga mai gadi buɗe ido. Kafin yaro ɗaya ya shigo harabar makaranta ya cika allo da duk abin da zai rubuta a ranar, da rubutu mai kyau kamar na bugun inji, sannan ya rufe kowane sashe da tsohuwar jarida ya manne da salatif. In darasi ya kai wurin, sai ya miƙa hannu ta baya ya yaye jaridar, fuskarsa na kallon yara. Ban taɓa ganin ya juya musu ƙeya ba. In yaro zai ba da amsa, ba ya barinsa ya yi magana daga nesa. Zai tako har gaban bencinsa, ya durƙusa da wannan ƙaton jikin nasa, ya zuba wa bakin yaron ido. Yara suka haukace a kansa. Ka san yaro, a gida a ce masa yi shiru, a makaranta a ce masa yi shiru, yau ga babban mutum ya durƙusa yana jiran abin da zai fito daga bakinsa.

Ni kuwa sai na fara ƙullatarsa. Na kira shi a baranda yana tafiya gabana, ya yi mini banza. Na sake kira, ko waiwaye. Na ce lallai, ɗan gwaji ma ya fara jan aji. Wata rana kuma aka kaɗa ƙararrawar tashi, ya ci gaba da bayani abinsa, sai da ya ga yara sun fara cusa littattafai a jaka ya tsaya. Ranar da abin ya fito fili, bokitin ƙarfen da muke wanke hannu ne ya kuɓuce mini a bayansa ya daki siminti. Yara duka suka zabura, wata har da ihu. Shi ko gezau.

Da aka tashi na tsayar da shi. Na tsaya a gabansa, na rufe bakina da littafin rajista, na yi masa magana. Ya yi ta kallon rajistar, idonsa ya kaɗa ya yi ja.

Na sauke littafin na ce, "Tun yaushe?"

Ya ce, "A hankali ya tafi, Yaya. Na hagu ya mutu gaba ɗaya. Na dama yana ɗan kama murya in mutum na kusa kuma ina ganin bakinsa. Auta ta kai ni asibiti, an ba ni na'urar sawa a kunne, amma in na sa ta a cikin yara sai komai ya haɗe ya zama ƙara ɗaya, kamar an tayar da inji a cikin kaina. Likita ya ce jijiyar ce ta ƙone."

"A kwalejin fa, yaya kake yi?"

"Bencin gaba nake zama. Abin da ya wuce ni in karanta a littafi. Ba wanda ya taɓa tambayata." Sannan ya ce, "Wannan zangon kaɗai ya rage mini. In mai duba mu ya zo daga kwaleji ya ga darasina ya ba ni maki, shi ke nan na samu takardar malanta. In suka san wannan tun yanzu, ban san abin da za su yanke ba. Ki rufa mini asiri, Allah ya rufa miki."

Tausayinsa ya kama ni har na ji haushin kaina, don ba na son a ga raunina. Amma ni ban iya ƙumbiya-ƙumbiya ba. Na ce masa kwaleji ba ruwana da ita, sai dai hedimasta dole ya sani, don yaran amana ce a hannunsa. Muka je tare. Hedimasta ya daɗe yana juya biro a hannu, sannan ya ce shi bai ga laifin darasin mutumin nan ba, a ci gaba, da sharaɗin ina cikin ajin duk lokacin da yake koyarwa. Da muka fito Mai Inji ya rasa bakin godiya, sai ya karɓe mini jakata ya riƙe har bakin titi, kamar wani ɗan aji ɗaya.

Daga nan na koma bencin baya na zama kunnensa. In wani ya yi magana daga lungu sai in nuna masa wurin da haɓa. Yaran ma ba a jima ba suka gane, don yaro ba a ɓoye masa komai. Ba su taɓa yi masa tsiya da abin ba. In suna son magana sai su je su ja masa hannun riga. Ya yayyanka kwali ya shafa masa baƙin fenti, ya raba wa kowa ɗan allo, in ya yi tambaya kowa ya rubuta amsa da alli ya ɗaga sama. A shekarun da na yi ina koyarwa, a lokacin ne na fara ganin amsar kowane yaro a ajina a lokaci ɗaya, har da masu ɓuya a bayan 'yan'uwansu.

Filin waiwayen darasi kuwa ba ya isarsa, sai ya juya bayan takarda. Nakan karanta kafin in sa hannu, wani lokaci in yi dariya, wani lokaci in yi shiru. Ya taɓa rubuta cewa ya yi saurin wucewa daga rabawa da biyu zuwa rabawa da uku, ya gane haka ne don 'yan layin taga sun daina kallonsa sun koma kallon juna. Wata rana ya rubuta cewa ya yabi yarinya kafin ta gama magana, saboda ya ga farkon amsar da yake jira a leɓenta, kuma wannan zalunci ne, gobe zai bar ta ta kai ƙarshe. Akwai wani ɗan yaro da muke kira Gajere, ɗan firit, mai zama a layi na biyu, wanda bai cika magana ba. A kansa ya rubuta cewa yaron ya san amsa amma yana rufe allonsa da hannu, a daina kiransa gaban aji, a je wurinsa. Ni da na shekara da Gajere a ajina ban lura da wannan hannun ba, sai da na karanta.

Ana saura 'yan kwanaki mai duba su ya zo, naƙuda ta kama malamar aji huɗu a makaranta, aka wuce da ita asibiti. Makarantar da malamai ba su kai yawan azuzuwa ba, wa zai riƙe ajin? Hedimasta da kansa ya same ni a baranda ana ƙarshen hutun tara ya ce in je in zauna musu na ɗan lokaci kafin ya sami dabara. Na tuna masa sharaɗinsa. Ya ce, "Malama, bango ɗaya ne tsakaninku. Kuma mutumin nan ai ba ya juya baya." Gaskiya ya faɗa, don haka na tafi.

Abin da ba mu kawo a rai ba shi ne, da safen nan a wurin taro hedimastan ya yi faɗa a kan azuzuwan da ake barin allonsu da datti. Monitar ajina yarinya ce mai ɗaukar magana da zafi. Lokacin hutu, da kowa ya fita, ta ɓalle jaridun nan, ta jiƙa tsumma ta wanke allon tas, tana jiran a yaba mata. Mai Inji ya dawo ya tarar da aikin asubarsa ya tafi. Yaran sun ce bai yi mata faɗa ba, har kanta ya dafa. Ya koyar da abin da zai iya da baki da ƙananan allunan. Amma a tsarin darasinsa mataki na ƙarshe shi ne yara su kwafi taƙaitaccen bayani daga allo, kuma shi mutum ne da ba ya tsallake mataki. Ya dube su, kowa na zaune lafiya. Ya ɗauki alli da rula ya juya.

Ihun ne ya fara iso mini ta bango. Ba irin ihun yara na wasa ba ne, duk wadda ta daɗe a aji ta san bambancin. Na fito da gudu na ci karo da wasu a ƙofa suna turereniyar fita. Gajere yana ƙasa tsakanin benci biyu, jikinsa na jijjiga, kumfa a bakinsa, goshinsa ya daki ƙafar benci ta ƙarfe jini na bin fuskarsa. Farfaɗiya ce, kuma ashe ranar ta fara buge shi, ko uwarsa ba ta taɓa gani ba. Sauran yaran tsoro ya manne su a jikin bango ta baya, suna kuka suna kururuwa. Don a isa gaban aji a ja hannun rigar malam sai an ƙetara ta kan Gajere, kuma ba wanda ya iya.

Shi kuwa yana gaban allo, ya dafa rula, yana ja wa kan bayaninsa layi a tsanake.

Ban bi ta kansa ba. Na ture bencin, na juya yaron a kan gefensa, na cire mayafina na danne goshin. Ina nan durƙushe ya gama layinsa ya juyo. Har yau in na rufe ido ina ganin fuskar nan. Da murmushi ya juyo, bakinsa a buɗe zai yi tambayar da ya shirya. Allin ya faɗi daga hannunsa. Shi ya sunkuci Gajere ya yi titi da shi a guje, har takalmi ɗaya ya bari a baranda, ya tare mai babur.

An yi wa yaron ɗinki a goshi, aka ɗora shi a kan magani, ya warware. Uwarsa ta zo ofis washegari ta zazzage mana kwandon masifa, kuma ban ga laifinta ba, ɗanta ne. Ta ce yara sun gaya mata ɗanta na birgima a ƙasa malam na rubutu. Hedimasta ya yi ta ba ta haƙuri yana cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Da ta tafi ya ce wa Mai Inji ba shi da yadda zai yi, dole ya sanar da kwaleji. Mai Inji ya ce a bar shi ya je da ƙafarsa ya faɗa musu.

Ni ce na tayar da jijiyar wuya. Na ce farfaɗiya ba ta neman izinin malami, ko ni ce a ajin sai yaron ya faɗi. Na ce saura ƙiris, ya bari mai duba su ya zo ya ga darasi ɗaya, ni zan tsaya masa, zan bi shi har kwalejin in yi magana. Ya bar ni na gama tas, yana kallon bakina.

Ya ce, "Ko ke ce sai ya faɗi, Yaya. Amma ke da kin juyo."

Bai ƙarasa zangon ba. Ya je kwalejin ya faɗi komai, suka ce za su duba lamarin, aka yi ta maganar ko a mayar da shi sashen koyar da kurame, magana ta bi ruwa, shi ma bai bi ta ba. Ya koma shagonsa. Yaran ajina sun daɗe suna tambayata yaushe zai dawo, monita kuwa sai da na zaunar da ita na rantse mata cewa ba wankin allonta ne ya kore shi ba.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yammacin ranar da uwar Gajere ta zo. An tashi, makaranta ta yi tsit, na koma aji ɗaukar rajista sai na same shi zaune a bencin yara, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa. Tsarin darasin jiya na buɗe a gabansa, filin waiwaye babu ko ɗigo.

Na ce, "Bar wannan, wa zai tambaye ka shi yanzu?"

Ya ce, "Darasi ne, an yi shi, sai an rubuta. Amma ban san abin da ya faru a cikinsa ba, bayana yana wurin. Zauna ki gaya mini daki-daki."

Na zauna a bencin da ke fuskantarsa don ya ga bakina. Na gaya masa abin da yaran suka gaya mini, da abin da na gani. Yana rubutawa a hankali da wannan kyakkyawan rubutun nasa, in ya ɗago in ci gaba. Da na zo kan ihun sai ya tsayar da biro.

"Sun daɗe suna yi?"

"Ba sosai ba," na ce, "daga jin farko na taso."

"Kuka kawai suke yi, ko akwai abin da suke cewa?"

Na so in ce kuka ne kawai. Amma mutumin da ke karanta leɓe ba a yi masa kwana-kwana.

Na ce, "Kai suke kira."

"Da me?"

"Malam. Malam, Malam, suke ta cewa. Dukansu."

Ya maimaita kalmar a bakinsa ba sauti, kamar mai ɗanɗana abu. Sannan ya ce, "Duk ajin, baki ɗaya?"

Na gyaɗa kai.

Ya ce, "Ikon Allah. Ashe an kira ni."

Ya sunkuyar da kai ya rubuta wannan ma, ya juyo mini da takardar, ya miƙo biro. Na daɗe ina neman layin sa hannu, hawaye ya hana ni ganinsa, sai da ya ɗora yatsa ya nuna mini wurin.